"Ba ni da abin ɓoyewa" ba hujja ba ce

Duk sanda masu fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet suka koka kan leƙen asirin wayoyi, amsar da ake ba su guda ce: wanda bai aikata laifi ba, tsoron me zai ji? Ina ganin masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa sun duba irin tsegumin da wayar aljihunsu ke yi a kansu ba.

Ba sai an saurari hirarka ba. Dare da rana wayarka na gaisawa da turken sadarwa mafi kusa, kamfani kuwa yana rubutawa. Da wannan rajista kaɗai za a san gidan da kake kwana, da wanda ka kira ƙarfe biyun dare, da minti nawa kuka yi, da cewa gari na wayewa ka nufi wani asibiti ka wuni a can. Irin wannan rajistar kiran waya ce Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa a 2013 cewa hukumar leƙen asirin ƙasar mai suna NSA na kwasa daga miliyoyin mutanen da ba a zarginsu da komai.

Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ta wuce nan. Tana iya kutsawa waya mai ita bai danna komai ba, ta karanta saƙonni, ta kunna kyamara. Kamfanin ya ce gwamnatoci kawai yake sayar wa don farautar 'yan ta'adda da manyan masu laifi. Amma da 'yan jarida suka bi diddigin wani jerin lambobin waya sama da 50,000 da ake zargin masu sayen Pegasus sun ware don leƙe, a 2021, sai ga lambobin 'yan jarida da 'yan adawa, har da ta shugaban Faransa, Emmanuel Macron.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, gwamnati na tafiya, rumbun bayanai na nan daram. Sojojin Amurka sun shafe shekaru suna ɗaukar hoton yatsu da ƙwayar idon mutanen Afganistan da sunan tsaro. Da Taliban suka karɓe Kabul a Agustan 2021, wasu daga cikin na'urorin ɗaukar bayanan suka faɗa hannunsu. Wanda ya miƙa yatsansa jiya don neman aiki, bai san wa zai riƙe na'urar gobe ba.

Ban ce babu miyagu ba, ban kuma ce kada a bibiye su ba. Buƙatar masu fafutukar ba ta da yawa: alƙali ya sa hannu kafin a leƙa wayar mutum, a ƙayyade wa'adi, a goge abin da aka tara in an gama. Laifinsu ɗaya a wurina, sun cika magana da yaren lauyoyi, har talaka ya ɗauka rigimar ba tasa ba ce.

Kuma hukuncin kotu kaɗai ba ya wadatarwa. A 2017 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Indiya suka haɗu a kan cewa sirrin mutum haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Shekara biyu bayan nan, a Agustan 2019, gwamnatin ƙasar ta katse intanet a Kashmir, kuma intanet mai sauri na 4G bai sake game dukkan yankin ba sai Fabrairun 2021.