Wace Miya Ka Sha Jiya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Na san a wannan watan ba kowa ne ke da sukunin karanta dogon rubutu ba, ni ma mai rubutun satar lokacin na yi. Kaka ta yi. Daga Nuwamba har ƙarshen Fabrairu mu nan Garwa, a arewacin Kamaru, ba dare ba rana. Manomin auduga yana jiran ranar awo, manyan motocin kamfanin auduga na Sodecoton suna ta jigila zuwa injin gurza, masu gyaɗa da masara suna kai da komo tsakanin Ngong da Pitowa, 'yan uwanmu na Marwa sun gama dashen muskuwari, wato dawar rani, a ƙasar lakar da ake kira karal, suna gadin tsuntsu kafin yanka, masu albasa kuwa tun asuba suna bakin rijiya. Abin da mutum ya samu a waɗannan watanni huɗu da shi zai riƙe gida har wata kakar. Don haka ban zo in ce wa kowa ya rage nema ba. Wanda ya yi kwance da kaka, bazara ce za ta yi masa bayani.

Wata magana ce uwargidana ta yi min, na kasa haɗiye ta ni kaɗai.

Sana'ata sayen hatsi. Makonni uku da suka wuce na dawo daga kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙura har cikin kunne. Ta tashi daga barci ta ɗumama miya, ta kawo min tuwon dawa. Na zauna a bakin gado, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina ta ja-in-ja da direban da zai kai min kaya Ngaundare a loda wa jirgin ƙasa. Hannu yana yankar loma, baki yana haɗiya, ni kuwa ina can wurin jaka biyar ɗin da ya ƙara min a kuɗin mota. Da safe tana zuba min kunu sai ta ce, "Malam, wace miya ka sha jiya?" Na ce, "Kuka mana." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Tafasa ce. Wadda na tsinka da damina na shanya, don na san kana sonta. Har busasshen kifin Lagdo da daddawar batso na sa." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Kunyarta na fara ji. Amma da na hau babur sai wata tambayar ta biyo baya, wadda ta fi ta farko nauyi: shin na ma yi bisimilla? Ban iya tunawa ba. Hamdala kuwa na tabbata ban yi ba, domin har na wanke hannu na goge ina cikin waya.

Allah Maɗaukaki yana cewa a Suratu Abasa, aya ta 24: "To, mutum ya dubi abincinsa." Sai ya bi da bayanin yadda ya kwararo ruwa, ya tsaga ƙasa, ya tsirar da ƙwaya a cikinta, da inabi da zaitun da dabino da makiyaya, jin daɗi gare mu da dabbobinmu. Umarni ne a duba. Ni da nake wuni cikin hatsi, ina ƙirga shi buhu-buhu, ina soka masa ƙarfe in ga ko ƙwari sun shiga, rabon da in dubi loma ɗaya in tuna daga ina ta fito har na manta. Wannan tafasar ba wanda ya shuka ta, a bayan gida ta fito da kanta da ruwan farko. Kifin, wani bawan Allah ne ya kwana cikin kwalekwale a kan ruwan Lagdo cikin sanyin nan, ruwan da aka datse Binuwai aka tara tun 1982, mutane suka zo daga nesa suka kafa garuruwa a bakinsa saboda kamun kifi. Daddawar batso kuwa duk wadda ta taɓa yi ta san aikinta: a wanke 'ya'yan yakuwa, a dafa su tsawon wuni, a daka, a rufe kwanaki har ta ruɓa ta yi wannan ƙamshin da wanda bai saba ba yake toshe wa hanci, mu kuwa in babu ita miya ba ta faɗa ba. Hannu nawa ke nan, ruwan sama nawa, kafin kwano ɗaya ya iso gabana? Ni kuma na zuba shi cikin ciki kamar ana zuba wa babur mai.

Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce lalle Allah yana yarda da bawa ya ci abinci sau ɗaya ya gode masa a kai, ko ya sha abin sha sau ɗaya ya gode masa a kai. 'Yan uwana 'yan kasuwa, ku lissafa wannan da irin lissafinmu. Yardar Allah, a kan tuwon da dama sai ka ci shi. Ba jari, ba kuɗin mota, ba lada ga dillali. Sau biyu ko uku ake kawo mana wannan cinikin har gida kowace rana, mu kuma muna barin sa ya wuce saboda jaka biyar.

Kowa cikinmu yana da amsa a baki: sai aiki ya lafa. Ni ma da ita na shekara ashirin. Amma yaushe ya taɓa lafawa? Kaka na wucewa zafin Maris da Afrilu ya sauko, ma'auni ya haura 40, mutum ba ya ko son ganin tuwo. Ga azumi, ga ɗinkin Sallah, ga ragon layya. Damina ta faɗi a koma gona. Satumba ta zo da kuɗin lakwal, wato makarantar boko, da littattafan yara. Kafin ka juya, auduga ta sake fashewa. Ana wata ga wata har ranar da za a ɗauki mutum a makara.

Ku tuna labarin Salmanu da Abu Darda, yana cikin Bukhari. Salmanu ya kai wa ɗan uwansa ziyara, ya tarar da matarsa ba ta kula da jikinta ba, ya tambaye ta, ta ce ɗan uwanka ba shi da bukatar duniya. Abu Darda ya kawo abinci ya ce wa baƙonsa ya ci, shi yana azumi. Salmanu ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Dare ya yi, Abu Darda ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce kwanta, har sau biyu, sai a ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya isa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To, idan azumin nafila da tsayuwar dare ba su isa su cinye haƙƙin jiki da na iyali ba, buhun masara ne zai isa?

A nan dole in taɓo abin da ke damuna a tashoshinmu. Yaran da ke mana dako da masu babur da yawa ba sa cin abincin kirki a wannan lokaci. Baƙin kofi da ƙwayar tramol, shi ke nan, wai don kada a ji gajiya. Gajiyar ba ta tafi ko'ina ba, bashi ce ake tara wa jiki, kuma mun ga yadda ake biyan sa: wani farfaɗiya, wani haɗari a kan titi, wani taɓin hankali. Mu iyayen gida da muke ganin yaro ya loda mota uku bai zauna ba muna yaba masa, muna da kaso a ciki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka zaunar da yaronka ya ci, ko da mota za ta jira.

Akwai wani dattijo mai awo a Pitowa, a gindin darbejiya yake zama. Ana idar da la'asar, lokacin da kasuwa ta fi ci, sai ya kifa kwanon awonsa a kan buhu, ya jawo ɗan murhun gawayi da 'yar butar da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Yana ɗaga ta sama yana tsiyaya shayi cikin ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta hau. Kafin na biyu ya nuna sai ya zaro izu ɗaya daga gafakarsa, takardun duk sun yi ja don tsufa, ya karanta ƙasa-ƙasa. Na taɓa tsaya masa a ka ina cewa, "Baba, mota za ta tashi." Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen sumuni. Sannan ya miƙo min kofi ya ce, "Zauna, ɗana. Buhu ba shi da ƙafa." A lokacin haushi na ji, na ce tsufa ne. Yanzu in na karanta ayar Suratun Nur ta 37, ta mazan da fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambaton Allah, shi nake gani. Ayar ba ta ce sun bar kasuwa ba. Suna ciki, kwanon awo ne kawai suka san lokacin kifa shi.

Karatun nan da muke cewa babu lokacinsa, ku ba ni aron kunne. Alƙur'ani izu 60 ne. Rabin izu, wato sumuni huɗu, bai fi shafi biyar ba a bugun Madina, minti goma zuwa sha biyar ga mai matsakaicin sauri. Wanda ya riƙe rabin izu kullum zai sauke cikin kwana 120. Ƙirga daga 1 ga Nuwamba zuwa 28 ga Fabrairu, kwana 120 ne cif. Ke nan mutum zai iya shiga kaka ya fita da sauka guda, ba tare da ya rasa ciniki ko ɗaya ba. Kowa ya duba wayarsa ya ga minti nawa TikTok da Facebook suka ci masa jiya bayan isha, sannan ya zo mu yi maganar rashin lokaci. Kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa manomi da ɗan kasuwa su koma gaban malam a biya musu babin zakka da na ciniki a Risala. Mutum nawa ne ke cika rumbu bai san abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa ba, abin da aka wahala wajen ban ruwansa kuwa ɗaya cikin ashirin? Mu masu sito kuma akwai hadisin Muslim da ya ce ba mai ɓoye abinci don ya yi tsada sai mai zunubi. Ba daɗin ji gare mu, amma gara a ji shi yanzu da hatsi ke shigowa. Ko ba littafin addini ba, ka sa ɗanka ya karanta maka abin da aka koya musu a lakwal, ka ji muryarsa da Faransanci ko da ba ka fahimta duka.

Sahabbai sun taɓa kai ƙara cewa suna ci ba sa ƙoshi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wataƙila a rarrabe kuke ci. Suka ce haka ne. Ya ce ku haɗu a kan abincinku, ku ambaci sunan Allah, za a sa muku albarka a cikinsa. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Ba sai an yanka kaza ba. Kunun gyaɗa mai zafi da tsamiya da sanyin asuba, ko zoɓon da mu nan muke kira folere, 'yan uwanmu na Njamena kuma karkanji, an sa masa citta da kanumfari an sanyaya a randa, a sha a zaune da numfashi uku kamar yadda sunna ta koyar, ya wadatar. Sai dai mu maza mu tuna mai girkin ita ma kaka ta same ta, tana ɓarar gyaɗa, tana sussuka, tana shanya, wata ma tana da nata cinikin. Nana A'isha ta ce Annabi a gidansa cikin hidimar iyalinsa yake kasancewa. Ɗauko ruwa ko faskare ba zai rage wa rawanin kowa tsawo ba. In tukunya ta hau kuma a ƙara mata ruwa a leƙa maƙwabci, yadda aka umarci Abu Zarri, domin a unguwanninmu akwai waɗanda rikici ko ambaliya suka koro, ba su da gonar da za su girbe.

Ni dai ban zama waliyyi ba. Ranar Talatar nan ma a tsaye na ci burodi a tasha. Amma Lahadin da ta wuce na bar Pitowa da wuri, na yi magariba a unguwa, na tura wayar ƙarƙashin matashi. Muka kewaye tire ɗaya da yaran, ƙaramin yana ta kai hannu gabana ina mayar masa da shi gabansa. Da na duba daga baya, kira bakwai direba ya yi, kuma kayan sun tafi Ngaundare washegari kamar yadda da ma za su tafi. Tana kwashe kwanuka na ce, "Busasshiyar kuɓewa ce yau, da ɗan toka, kuma kin sa kanumfari a foleren." Ta dube ni ta ce, "Ashe bakin yana aiki. To, Malam, itace ya ƙare tun jiya."