Rushe tsofaffin dandamalin mai a teku: a rijiya kuɗin yake ƙarewa

Idan ana zancen kwashe tsofaffin dandamalin haƙo mai a teku, hoton da ake yaɗawa shi ne na jirgin Pioneering Spirit da ya ɗauke saman dandamalin Brent Delta, tan 24,000, a ɗagawa ɗaya a Tekun Arewa a 2017. Abin kallo ne, amma a ganina ba nan wahalar take ba. Toshe rijiyoyi shi ke cin kusan rabin kuɗin aikin a ɓangaren Birtaniya.

Da farko a tura laka mai nauyi ta danne ƙarfin mai da gas, a zare bututun ciki, sannan a zuba siminti shinge biyu a saman inda man yake kwance, kowanne da aƙalla ƙafa 100 na siminti mai kyau. Sai a gwada da matsi. Matsalar tana bayan bututun waje. Simintin da aka zuba can tun shekarun 1970 sau da yawa bai kama dutse sosai ba, gas sai ya bi ta gefe ya hau, ko da an toshe ciki tsaf. Idan awo ya nuna haka, dole a niƙe wani sashe na bututun da injin yanka, a share ramin har jikin dutse, a sake zuba siminti. Aikin kwanaki sai ya koma makonni, kuɗin hayar injin haƙa kuwa kullum ƙirga shi ake yi. Bayan nan ne ake yanke kan rijiyar. Dokar Amurka ta ce ƙafa 15 ƙasa da gindin teku.

To wa zai biya? Ostireliya ta ga abin da idonta. Kamfanin mai na Woodside ya sayar da Northern Endeavour, jirgin da ke tara ɗanyen mai daga rijiyoyin teku, ga wani ƙaramin kamfani, kamfanin ya durƙushe a 2020, gwamnati ta gaji kayan, daga baya ta ɗora wa sauran kamfanonin mai haraji don a biya.

Shi ya sa cinikin kadarorin da manyan kamfanoni ke yi a Najeriya yake buƙatar sa ido. Dokar masana'antar man fetur (PIA) ta 2021 ta tanadi asusun rushewa. Ya kamata NUPRC, hukumar da ke kula da haƙar mai, ta ƙi sa hannu kan duk wani ciniki sai ta ga kuɗin a asusu, an lissafa shi rijiya-rijiya, har da waɗanda aka daina aiki da su ba a toshe ba.