Gadon Malam Ahmadu Coomassie a hannun masu rage kashe kuɗi

Tun ranar 26 ga Fabrairun 2024, da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa za a aiwatar da rahoton kwamitin Oronsaye kan rage yawan hukumomin gwamnati, aka yi ta cacar baki a kan hukumomin da za a rushe da waɗanda za a haɗe, kowa yana kare wadda ta shafi tuwonsa. Amma akwai layi guda a cikin jerin da ya wuce ko tari ba wanda ya yi, wato shawarar haɗe Hukumar Ilimin Makiyaya da Hukumar Yaƙi da Jahilci da Ilimin Manya ta Ƙasa. Gwamnoninmu na Arewa ba su ce uffan ba, 'yan majalisarmu ba su ce uffan ba, masu ƙungiyoyin kishin Arewa da ke kiran taron manema labarai a kan ƙaramin muƙami ma sun yi gum. Wannan shirun ne ya fi ba ni haushi, domin ya nuna cewa a zukatan manyanmu an daɗe da binne maganar karantar da babba, takardar Abuja ta zo ne kawai ta dasa alama a kan kabarin.

Duk lokacin da na ji wani ɗan boko yana cewa ilimin manya ɓata kuɗi ne, sunan da ke faɗo mini a rai shi ne Malam Ahmadu Coomassie. Yawancin matasa, in sun san sunan gidan, ta wajen ɗansa suka san shi, wato Alhaji Ibrahim Coomassie, Sardaunan Katsina, wanda ya riƙe Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1993 zuwa 1999, ko kuma ta wajen Abidina Coomassie mai jaridar Today. Shi uban, malamin makaranta ne da ya zama babban jami'in ilimin manya na Jihar Arewa a zamanin gangamin Yaƙi da Jahilci, daga baya kuma ya kai muƙamin babban sakatare a gwamnatin jihar. Abin lura a rayuwarsa shi ne irin aikin da ya yi suna a kansa. Ɗan boko na wancan zamani tsada gare shi, kuma hanyar girma a buɗe take gare shi ta ofishin En'e ko ta siyasa, amma shi sunansa ya fito ne ta hanyar koya wa manoma da mahauta da masaƙa baƙi da wasali, aikin da ko a yau ma'aikacin gwamnati yake ɗauka a matsayin horo idan aka tura shi can.

Ya kamata a tuna yadda gangamin ya samo asali, domin a nan ne hujjar take. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyara mulkin En'e, kuma cikin abin da ya tsaya a kai har da cewa talakan da bai san haƙƙinsa ba, ba zai iya tsare shi ba. Daga wannan yanayi ne Yaƙi da Jahilci ya ɗauki wuta a farkon shekarun 1950, a zamanin Gwamna Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe. Ke nan tun farko maganar ba ta tausayi ba ce, magana ce ta mulki. Mulkin kai yana tafe, zaɓe yana tafe, kuma mutumin da zai jefa ƙuri'a shi ne wanda ake karɓar harajinsa da jangalinsa a miƙa masa takardar da bai san abin da ke cikinta ba, shi ne wanda ake ɗora buhun gyaɗarsa a kan sikeli a faɗa masa nauyin da aka ga dama. Wanda ya iya karanta lambar da ke jikin rasidi ya rage wa mai zalunci hanya ɗaya, kuma wannan ne ya sa dattijo mai gemu ya yarda ya zauna a kan tabarma bayan la'asar, gaban allo da alli, yana bin bakin yaron da ya haifa.

Inda nake ganin su Malam Ahmadu sun fi mu hangen nesa shi ne sun gane cewa karatu kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi tsatsa yake yi. Wanda ya koyi haɗa baƙi a wata shida, aka sallame shi da takardar shaida, in bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya koma gidan jiya. Saboda haka gangamin ya tafi kafaɗa da kafaɗa da hukumar NORLA a Zariya, wadda aikinta shi ne buga ƙananan littattafai masu araha da jaridu na larduna, ga kuma Kamfanin Gaskiya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Katsinawa suna da Himma, Kanawa suna da Sodangi, Sakkwatawa suna da Zaruma, mutanen Zazzau suna da Bazazzaga, Bauchi tana da Zumunta, Barno tana da Albishir, Adamawa tana da Ardo. A duba sunayen nan da kyau. Kowace jarida an raɗa mata suna ne daga abin da mutanen wurin suke taƙama da shi, don sabon mai karatu ya ji cewa takardar tasa ce, labarin kasuwarsa da sarkinsa da gonarsa ne a ciki. An rufe NORLA a 1959, kuma tun daga nan ba mu sake yin wani tsari da ya haɗa aji da ɗab'i da rarrabawa a wuri ɗaya kamar wancan ba, duk da cewa a yau muna da jihohi goma sha tara a inda da ake da gwamnati ɗaya.

Masu cewa haɗe hukumomi zai rage kashe kuɗi ba su cancanci doguwar amsa ba: abin da ake ware wa ilimin manya bai taɓa zama abin da ya talauta baitulmali ba, kuma wanda yake neman inda kuɗi ke zurarewa ya san ofisoshin da zai leƙa. Hujjar da ta fi wannan haɗari, saboda tana sanye da rigar hankali, ita ce wadda nake ji daga bakin mutanen da ake ganin sun waye. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, babba ya riga ya wuce, kuɗin da za a kashe a kansa gara a kai wa yara, tunda ga miliyoyinsu a kan titi. Lalle yaran suna nan. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara da matasa kusan miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma ba sai an gaya wa kowa yankin da ya ɗauki kaso mafi tsoka ba.

To amma wa yake tura yaro makaranta? Gwamna ba ya shiga gida da asuba ya tashi yaro ya sa masa riga. Uba ne da uwa suke yanke shawarar ko yarinya za ta tafi aji ko za ta ɗauki farantin talla, ko yaro zai zauna a gari ko za a sa shi a mota da ɗan kwanonsa. Mun yi shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) a 1976, mun yi na ilimin matakin farko ga kowa (UBE) a 1999, mun kafa doka a 2004 da ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, a 2023 kuma muka ƙara da sabuwar hukuma ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kusan shekara hamsin ke nan muna gina aji muna jiran yara, muna mamakin abin da ya hana su zuwa, alhali mun yi watsi da mutumin da makullin ƙofar gidan ke hannunsa. Uwar da ta iya karatu za ta buɗe littafin ɗanta ta ga ko malam ya duba aikin ko bai duba ba. Uban da ya taɓa zama a aji ba ya ɗaukar makaranta a matsayin baƙon abu da gwamnati ta ƙaƙaba masa. Masu karin maganar icce sun manta cewa ɗanyen iccen nan a jikin busasshen yake tsirowa.

Kuma wa ya ce babba ya wuce? Wanda ake kira babba a takardun hukuma mai shekara goma sha biyar ne zuwa sama. Matashi ne ɗan shekara ashirin da biyu mai tuƙa babur mai ƙafa uku, matar aure ce 'yar shekara goma sha tara mai goyo, almajiri ne da ya sauke Alƙur'ani yana karanta ajami tiryan-tiryan amma fom ɗin banki ya gagare shi. Waɗannan suna da shekara arba'in ko hamsin a gabansu, in Allah ya ba su rai. Wanda ya ce a haƙura da su, cewa ya yi a haƙura da Arewa har tsakiyar wannan ƙarni, sai dai bai da ƙarfin halin faɗin haka a fili.

Kwanakin baya na tsaya a wata rumfar POS, a gabana wani dattijo, da gani manomi ne da ya sayar da amfanin gona. Ya ciro katinsa daga cikin leda da ya ƙulle a aljihun ciki, ya miƙa wa yaron rumfar, sannan ya miƙa masa wata guntuwar takarda da wani ya rubuta masa lambobin sirrinsa, ya ce, “Yaro, ka danna mini, ka kuma duba mini nawa ya rage.” Yaron ya danna, ya faɗi adadi, dattijon ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi. Ban ce yaron ya cuce shi ba. Amma dukiyar damina guda ta rataya ne a kan tsoron Allah na wani yaro da bai sani ba, kuma ban ga bambancin wannan da manomin 1952 da ke tsaye gaban sikelin gyaɗa ba, illa dai a yau sikelin ya shiga aljihun kowa. Gwamnatin da ta matsa wa mutane lamba su koma hada-hadar kuɗi ta waya, ta ce sai da BVN, sai da NIN, sai an cike fom a intanet kafin a sami taki ko tallafi, ita ce kuma take ganin koya musu karatu wani ƙaramin sashe ne da za a lanƙwasa a cusa cikin wani. Wannan ba tsimi ba ne, rainin hankali ne.

Kada wani ya ce abin ya wuce da zamanin Turawa. A 1980 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, ta farko irinta a ƙasar nan, kuma a 1983 ta sami lambar yabo ta UNESCO. Gwamnatin Shagari ta ƙaddamar da gangamin shekara goma a 1982, wanda ya bi ruwa tare da jamhuriyar da ta haife shi. Hukumar ƙasa da ake son haɗewa yanzu an kafa ta ne a 1990. Darasin a bayyane yake: duk lokacin da aka sami shugaba ɗaya da ya ɗauki abin a matsayin nasa, sai azuzuwa su cika, duk lokacin da aka bar shi ga takarda sai ya koma bikin ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, a yi jawabi, a raba kekunan ɗinki guda goma, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Ban kuma wanke ita hukumar ba, domin da tana da tasirin da ake ji a ƙauye, da an sami masu yi mata kuka ranar da aka ambaci sunanta. Sai dai maganin ma'aikacin da yake barci shi ne a tashe shi, ba a haɗa masa gado da maƙwabci ba.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Gwamnonin Arewa su daina jiran Abuja, su farfaɗo da hukumominsu na jiha, su biya masu koyarwa ɗan alawus ɗinsu a kan kari, su yi amfani da azuzuwan firamare da ke kulle tun daga azahar, da makarantun Islamiyya na matan aure da suka riga suka tara ɗalibai ba tare da sisin gwamnati ba. A fara da Hausa da sauran harsunan gida, a gina a kan ajamin da mutane suka riga suka iya, a kuma sama musu abin karantawa, ko a takarda ko a waya. Sauran bayanin aikin ƙwararru ne, kuma muna da su a sassan ilimin manya na jami'o'inmu, suna rubuta takardun da ba mai karantawa sai junansu.

Malam Ahmadu Coomassie da abokan aikinsa sun yi nasu da keke da fitilar ƙwai, a lokacin da hanyar mota ba ta kai yawancin garuruwa ba, kuma jiha ɗaya ce tun daga Sakkwato har Yola. Ina so in ji gwamna ɗaya daga cikin sha taran nan ya fito ya faɗa mana adadin azuzuwan manya da ke aiki a jiharsa a wannan makon, da ranar da aka biya malamansu na ƙarshe.