Ba Kowane Kogo Ruwan Sama Ya Haƙa Ba

Wani labari da na karanta kan yadda koguna na cikin dutse ke samuwa ya ce ruwan sama ne ke bin tsagar dutsen farar ƙasa yana cinsa har kogo ya samu. Haka ne, amma rabin zancen aka kawo. Kogon Carlsbad da na Lechuguilla a jihar New Mexico ta Amurka daga ƙasa zuwa sama aka ciwo dutsensu. Iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta biyo ruwa daga kwancen man fetur na kwarin Delaware da ke kusa da su, ta taso ta haɗu da ruwa mai oksijin, sai ta rikiɗe ta zama asid ɗin farar wuta. Shi ya narkar da dutsen, ya bar tulin jifsam, wani farin ma'adini mai laushi, a daɓen kogon. Ga mai tambayar yadda aka gane haka, jifsam ɗin nan shi ne shaida: yana saurin narkewa, da rafi ne ya ratsa wurin da tuni ya wanke shi tas. Ga rufin kogon da ramuka kamar ƙwarya a kife, ga tsagogi a daɓe inda ruwan ya ɓullo, babu tsakuwar rafi, hanyoyi kuma sai su ƙare ba zato. Lechuguilla sai 1986 aka tono hanyar shiga cikinsa, yanzu an auna fiye da kilomita 240. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan kogo sau da yawa ba ya nuna alama a doron ƙasa, sai mai haƙar burtsatse ya ji sandar ta zurma, lakar haƙa ta ɓace. Me ya sa marubucin bai taɓo wannan haɗarin ba?