Dan Allah ku daina ce wa yaran nan daƙiƙai

Tun jiya da na ba da labarin ɗan Yayata nake karanta abin da mutane ke rubutawa, wallahi har yanzu raina bai daina tafasa ba. Bulala goma sha biyu fa aka yi wa yaro ɗan shekara tara, har da safen nan da uwarsa take masa wanka sawun dorina na nan kwance a bayansa. Laifinsa bai gama kwafe abin da ke kan allo ba aka goge, sannan ya tashi daga bencinsa sau uku. Shikenan laifin. Amma sai ga manyan mutane masu gemu da 'ya'ya suna rubuta min wai malam ya kyauta, wai "ai mu ma an dake mu kuma ga shi mun zama mutane". Haba jama'a!

To kai da aka daka ka zama mutum, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ina sauran 'yan ajinku? Ina wanda kullum shi ake fara zanewa da safe, wanda daga aji huɗu ya daina zuwa, uban ya gaji ya kai shi gareji? Shi ba ya nan yana rubutu a Facebook balle ya ba ka amsa. Waɗanda duka bai karya ba su ne ke ta surutu, waɗanda ya karya kuwa ba mai jin ta bakinsu.

Ni abin da nake faɗa guda ɗaya ne kuma zan ta maimaita shi har ku gaji: yaron nan ba ƙin ji yake ba, kasawa yake, kuma bulala ba ta koya wa mutum abin da ƙwaƙwalwarsa ta kasa riƙewa. Na san haka ne don ni ma shi ne. Duk wata takardar sakamako da na kawo gida daga firamare har sakandare magana ɗaya ce a ƙasa, wai yana da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi masa yawa. A gida sunana sarkin mantuwa. Inna ta aike ni sayen manja da kuka, kafin na kai bakin layi na ga ana gyaran babur na tsaya kallo, sai na dawo mata da magi da canji a hannu, ina rantsuwa abin da ta ce kenan. Biro kuwa ban taɓa gama ko ɗaya ba, ɓata yake tun da sauran tawada. An dake ni a boko, an dake ni a islamiyya, an dake ni a gida, kuma ba ranar da na kwanta ban yi wa kaina alkawarin gobe zan natsu ba. Gobe ta yi, a sake. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane zafin ka yi niyya da zuciya ɗaya kuma ka kasa ba, sannan a ce maka da gangan kake.

Sai da na kai shekara 31, da mata da ɗa, ana neman korata daga aiki saboda takardun da na bari suka taru a tebur, sannan likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da ni kusan awa biyu yana tambayata tun daga yarintata, ya ce abin da ke damuna sunansa ADHD, wato matsalar kasa tsayar da hankali da kasa zama wuri ɗaya. Na fito na zauna a kan benci a harabar asibitin na daɗe ban tashi ba. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauka ni lalatacce ne.

Sai wani ya ce wai ciwon Turawa ne, 'ya'yan masu kuɗi da waya ta lalata. Wace wayar? Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan masu wannan matsalar ta kasa tsayar da hankali tun 1798. George Still ya yi lacca a kan irin yaran nan a Landan a 1902. Akwai TikTok a lokacin? Bature suna kawai ya sa wa abin, mu ma ai muna da namu sunayen tun kaka da kakanni, mai rawar kai, mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, mara natsuwa. Bambancin kawai namu sunayen duk zagi ne. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da shi. Ku lissafa da kanku, ajin gwamnati mai yara 80 kenan akwai kamar huɗu a ciki, kuma na rantse kowane malami ya san su da suna, su ne dai huɗun da ake zanewa tun farkon zango har ƙarshensa. Da duka na magani ai da tun satin farko sun warke. Kuma abin gado ne ƙwarai, yana bin jini fiye da yadda mutane ke zato, shi ya sa sau da yawa uban da ke zare belt ɗin shi ma bai san inda ya ajiye makullin babur ɗinsa ba.

Wata kuma ta ce min to ya aka yi yake iya zama awa uku yana kallon katun ko yana kwance rediyo, amma karatu ne ba zai iya ba? Wannan tambayar na yarda da ita don ni ma ta daɗe tana ruɗa ni. Abin da likita ya fahimtar da ni shi ne, ba wai hankalin ne babu ba, linzaminsa ne ba ya hannunka. Akwai sinadarai a ƙwaƙwalwa, irin su dofamin, da ke taimaka wa mutum ya fara abu ya dage a kai ko da abin ba daɗi, a wajenmu wannan tsarin ba ya aiki yadda yake yi wa sauran mutane. In abu ya ja hankalinka sai ka nutse ciki ka manta da abinci, in bai ja ba ko za a yanka ka sai tunaninka ya sulale. Yaron Yaya da kansa ya kwance fitilar sola da ta mutu a gidan ya gano wayar da ta tsinke ya haɗa ta kama. Wannan ne ake kira daƙiƙi a gaban 'yan aji.

Kuma maza ma da sauƙi don su ana ganinsu, suna tsalle suna damun mutane. 'Yan mata fa? Da yawansu ba sa tashi daga benci, shiru za ka gan su, ido na kan allo amma hankali ya yi nisa. Ita ba a ce mata mara ji, sokuwa ake ce mata. Ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, ta fara shara ta bari a rabi ta koma wanki, a yi mata aure a ce ƙazama ce ba ta iya riƙe gida ba, dangin miji su sa ta a baki, ita kuma ta shige ɗaki ta yi kuka don ta san ta fi kowa wahala a gidan kuma ba abin da ya kammalu. Na san mata biyu a danginmu da in na tuna su yanzu jikina yake sanyi.

Masu cewa a kai shi a yi masa ruƙiyya, ba wanda ya hana addu'a, mu ma kullum cikinta muke, Yaya tana tofa masa safe da yamma. Amma in yaro ya karye a ƙafa addu'a ake yi kuma a kai shi wajen mai ɗori, ban ga dalilin da in ƙwaƙwalwa ce sai a ce a zaɓi ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da muka roƙa a makarantar bai kai ya kawo ba. Ni da Yaya muka je. Muka ce a dawo da shi bencin gaba, nesa da taga. In za a ba shi aiki a gutsura masa, layi biyar ya kawo a duba sannan a ƙara. In an ga ya fara mutsu-mutsu a tashe shi ya goge allo ko ya tattara littattafai, ya motsa jikinsa ya dawo. Ko sisi ba za a kashe ba. Shugaban makarantar ya saurare mu yana murmushi ya ce, "Hajiya nan ba Turai ba ce, in muka ce kowane yaro sai an lallaɓa shi ai ba za mu yi karatu ba." Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe ba lallaɓawa muka ce ba, bencin gaba kawai." Ya ce za a duba. Mun san me za a duba take nufi.

Ni dai abin da ya riƙe ni zuwa yau ƙananan abubuwa ne da ba wanda ya koya min a makaranta. Na kafa ƙusa a bayan ƙofa, makulli can yake kwana, in na shigo ko takalmi ban cire ba sai na rataye shi. Wayata cike take da ƙararrawa, ta shan magani, ta ɗauko yaro, ta kiran Inna ranar Juma'a. Duk abin da oga ya ce a ofis a gabansa nake rubutawa, na daina jin kunya, don in na ce zan tuna to ya tafi kenan. Karatu kuwa da na koma yin digiri na biyu minti ashirin nake yi in tashi in zaga in dawo, wayar tana wani ɗakin, kuma da ƙarfi nake karantawa ina kai da kawowa. Nan ne ma na gane abin da ya sa a makarantar allo na fi riƙe karatu, don can ana ɗaga murya ana rausaya jiki, ba a ce ka daskare kamar gunki ba. In aiki ya gagare ni farawa sai in ce wa maiɗakina ta zo ta zauna kusa da ni tana tsintar shinkafarta, ba ta cewa komai, zamanta kawai yana sa in fara. Albashi na shiga a ranar nake tura kuɗin haya da na makaranta inda hannuna ba zai kai ba, don na san halina in na shiga kasuwa. Har sallah, da kullum cikin ƙabli da ba'adi nake don ban san raka'a ta nawa nake ba, yanzu ina ƙoƙarin kada jam'i ya wuce ni. Ba wai na warke ba ne, satin da ya wuce ma na bar katin banki a wajen mai POS sai da yaron ya biyo ni da gudu. Amma ina riƙe da aikina, ina riƙe da gidana.

Magani akwai shi, wanda aka fi sani shi ne methylphenidate da ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, kuma yana taimakon mutane da yawa, sai dai a nan samunsa wahala ga tsada. Dan Allah kar wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya ce a ba shi maganin natsuwa, ba a shan sa sai likita ya duba ya rubuta. Kuma ba kowane yaro mai ƙiriniya ne yake da ADHD ba, yaro ai da wasa aka san shi. Likita sai ya tabbatar abin ya fara kafin shekara 12, ya wuce wata shida, yana faruwa a gida da makaranta duka, kuma yana cutar da rayuwar yaron da gaske. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, akwai Dawanau a Kano, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Na san abin da za a ce, wai asibitin mahaukata. Wannan kalmar ita ta hana ni zuwa shekara da shekaru. Ƙasar ma sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 ake aiki, to mene ne abin mamaki don shugaban makaranta ya ce nan ba Turai ba ce?

Malamai kuma kar ku ce na raina wahalarku, ƙanwata malama ce, na san yadda mutum ɗaya ke fama da yara 80 a ajin da ba fanka kuma albashi ba ya kai tsakiyar wata. Amma duk wannan ba dalili ba ne na sauke gajiyarka a bayan ɗan shekara tara. Jiya da daddare ya tambayi uwarsa wai, "Mama ni Allah bai ba ni ƙwaƙwalwa ba ne?" Ta kira ni tana kuka ta kasa ƙarasa maganar.

Af, tunda ma maganar bencin gaba ta zo, dan Allah iyaye ku riƙa kai yara a duba musu ido da kunne. Akwai wani da muka yi aji ɗaya da shi a sakandare, shekara uku yana shan duka a kan rubutunsa ba ya kyau kuma yana tsallake layi, ashe allon ne ba ya gani kwata-kwata, sai da wasu masu duba ido kyauta suka zo garinmu aka ba shi tabarau. Ranar da ya fara sawa tsayawa ya yi a tsakar makaranta yana kallon bishiyar darbejiya, wai bai taɓa sanin daga nesa ana ganin ganye ɗaya-ɗaya ba. In akwai wanda ya san inda ake duba idon yara da sauƙin kuɗi a cikin Kano ya sanar da ni, ƙaramar 'yar Yaya ma na lura sai ta matsa dab da talabijin take kallo.