Capracotta ta saba da wannan

Wakilinku ya ce ƙanƙarar da ta rufe hanyoyin Capracotta abin mamaki ce. Ga mutanen garin kam ba sabon abu ba ne. Ƙaramin gari ne a kan duwatsun Molise a Italiya, a tsayin sama da mita 1,400 daga matakin teku. Ranar 5 ga Maris 2015 aka ruwaito dusar ƙanƙara ta zuba santimita 256 cikin kusan awa 18, wato ta shanye dogon namiji har da rara. Ƙofofi suka toshe, sai da shebur aka haƙa hanyar fita. Tun 1950 ma 'yan garin mazauna Amurka suka haɗa kuɗi suka aiko musu da motar share ƙanƙara.

Abin da na so ku ambata shi ne camfin tsofaffin Italiya kan kwanaki uku na ƙarshen Janairu. Wai wata tsuntsuwa fara ce sol, sanyin waɗannan kwanaki ya kore ta cikin bututun hayaƙi, ta fito baƙa ƙirin. In kwanakin suka yi jaura, wai bazara za ta yi kyau. Ni dai ban gaskata ba, amma manoma suna lura.