Sauke kyawun hoto ba ya maganin jinkirin intanet a Genshin Impact

Mutane da yawa, da wasan bidiyo na Genshin Impact ya fara yi musu tsaye-tsaye a waya, sai su garzaya saitin hoto su sauke komai ƙasa. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma a ɓata kyawun wasan a banza, domin matsaloli biyu ne ake haɗawa wuri guda.

Ta farko daga wayar take. Idan hoto na sarƙewa yayin da ka juya kyamara, ko wayar ta ɗau zafi, to ta gaza zana hotunan da ake buƙata a kowace daƙiƙa. Nan ne rage inuwa da kaifin hoto ke taimakawa, haka ma sauko da FPS, wato adadin hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya, daga 60 zuwa 30. A ganina da wannan ya kamata a fara, don yana rage zafi da cin batir sosai.

Ta biyu kuwa ta intanet ce. Ka kai wa dodo sara, hoto na tafiya lafiya lau, amma lambar ɓarnar ta makara kafin ta fito. Dubi ƙaramar lambar nan mai "ms" a saman allo ta dama. Idan ta koma ja, saƙonka ne ke daɗewa kafin ya isa uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin wasan, ya dawo, kuma babu saitin hoto da zai gyara wannan.

Ga mai wasa daga Najeriya ko Nijar, uwar garken Turai ta fi kusa. A zaɓe ta tun farko, domin ci gaban da aka samu a wata uwar garke ba ya bin mutum zuwa wata.